Kabari, dutse da suna: tarihin tunawa da mamatan yaƙi a ƙasar Nijar

Gabatarwa

Ranar 15 ga watan Oktoba na shekara ta 2024 aka sake wa waɗansu tituna da wurare na birnin Yamai suna. Titin Janar de Gaulle ya koma titin Jibo Bakari. Hoton kumandan Monteil, wanda ke sassaƙe jikin dutse, aka maye gurbinsa da na Toma Sankara. Ginin nan kuwa da aka yi domin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, aka raɗa masa sunan Zabarmanci, Bubandey Batama, aka ce daga ranar ya zama na dukan waɗanda suka rasa rayukansu, soja da farar hula, tun daga zamanin mulkin mallaka har zuwa yau.

Duk wanda aka ba aikin juya wannan labari zuwa Hausa zai yi tuntuɓe sau biyu. Na farko, me za a kira shi wannan gini? Na biyu, me za a kira mutanen da aka yi shi dominsu, tun da an gama wanda ya yaƙi Faransa da wanda ya mutu yana yi mata yaƙi a wuri guda? Tuntuɓen nan yana da asali cikin tarihi. Makasudin wannan rubutu shi ne a bi sawun yadda aka riƙa tunawa da mamatan yaƙi a ƙasar nan tun daga 1899, a ga wanda aka gina wa kabari da wanda aka bar wa bakin mutane, sa'an nan a duba abin da ya rataya a wuyan masu binciken harshe da masu shirya aikin yaƙi da jahilci.

1. Hanyar 1899 da kaburburan da ta bari

Cikin watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi gabas, da niyyar isa tabkin Cadi. Kaftin biyu ke jan ta, Voulet da Chanoine, waɗanda suka riga suka ci ƙasar Mosi a 1896. Turawan da ke cikinta ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: tirayar, watau sojojin Afirka na Faransa, galibinsu daga ƙasar da ake kira Mali a yau, da mahayan dawaki, da ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya. Taro mai wannan yawa ba shi da guzuri sai abin da ya ƙwata, kuma duk garin da ya ƙi ba da hatsi ko ruwa ko mutane sai a sa masa wuta.

Ranar 16 ga Afrilu rundunar ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Mutanen garin suka tsaya da baka da kibiya kafin su janye cikin kurmi. Takardun Faransawa sun rubuta asarar da suka yi a ranar dalla-dalla: mutum 4 sun mutu, 6 sun yi rauni, an kashe harsashi wajen 7.000. Harsashi ya samu mai ƙidaya shi. Maharban Lugu da suka faɗi kuwa, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Cikin watan Mayu aka ci Birnin Ƙwanni, aka yi wa mutanensa kisan gilla wanda ya fi na ko'ina muni a duk tsawon tafiyar.

Labarin ɓarnar ya kai Faransa ta hanyar wasiƙar wani laftana mai suna Péteau, wanda aka kora daga rundunar. Gwamnati ta aiko Kanal Klobb ya karɓi jagoranci. Ranar 14 ga Yuli, kusa da Dankori cikin ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta ya mutu. Kwana biyu bayan haka tirayar suka juya wa shugabanninsu: suka harbe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Aka bizne su a Mai Jirgi. Sauran rundunar ta ci gaba a ƙarƙashin laftana Pallier, ta kara da mayaƙan Damagaram a Tirmini ƙarshen watan Yuli, ta shiga birnin Zindar. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya fita, aka bi shi aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba. Barikin da aka gina a Zindar aka sa masa sunan Kaftin Cazemajou, wanda aka kashe a garin ranar 5 ga Mayu na 1898. Haka nan da kumandan Lamy ya faɗi a Kuseri ranar 22 ga Afrilu na 1900, garin da aka kafa a ƙetaren kogi aka kira shi Fort-Lamy, sunan da bai gushe ba sai 1973, lokacin da ya koma Njamena.

In aka tsaya nan aka yi lissafi, abin da ke fitowa shi ne: cikin duk waɗanda suka mutu a wannan hanya, waɗanda aka tayar wa kabari ko aka rubuta sunansu bisa gini su ne Turawan, har da biyun da ƙasarsu da kanta ta yi tir da su. Kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Mai Jirgi. An ruwaito cewa a 1923 wani matashin ma'aikacin mulki na Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su aka tarar babu kowa ciki. Ko ta wace fuska aka ɗauki ruwayar, ginin ya tsaya, kuma baƙon da ya zo neman alamar abin da ya faru a 1899 can ake kai shi.

2. Inda Bahaushe ke ajiye mamacinsa

Kuskure ne a ɗauka cewa rashin dutse yana nufin mantuwa. Kabarin Musulmi a ƙasar Hausa tudun ƙasa ne, da ƴan itatuwa, da fasasshen tulu ko ɗan dutse a wajen kai, kuma damina kaɗan ke shafe shi. Malaman Malikiyya sun karhanta gini bisa kabari. Hubbare, irin na Shehu Usmanu a Sakkwato, abu ne da aka keɓe wa waliyyai da manyan shugabanni. Siffar mutum da aka sassaƙa aka kafa a fili kuwa, sunanta na farko a bakin jama'a gunki ne. Saboda haka al'umma ta ajiye mamatanta cikin magana, ta hanyoyi da ake iya rarrabewa.

Hanya ta farko ita ce laƙabin da ake ba sarki bayan rasuwarsa, wanda ke ɗauke da sunan wurin da ajali ya same shi. Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya rasu a Karofi a 1882, shi ne Maje Karofi. Bisa wannan ƙa'ida ake ce wa Ahmadu na Damagaram Maje Rumji. Kalma biyu ke nan, amma sun yi aikin da allon kabari ke yi: sun haɗa mutum da wuri, kuma duk mai jin Hausa ya san cewa wanda ya je bai komo ba.

Hanya ta biyu ita ce kirari da waƙar makaɗan fada. Shi kansa sunan Kuran Daga kirari ne: kure ne na fagen daga, watau wurin da mayaƙa ke jan layi su fuskanci abokan gaba. Ta uku ita ce kufai, da sunayen rijiyoyi da gonaki da itatuwa waɗanda dattawa ke nunawa su ce nan aka yi kaza. Ta huɗu ita ce sunan shekara. Kamar yadda yunwar 1913 zuwa 1914 ta zama Kakalaba, haka zuwan Nasara da yaƙin Kawusan suka zama turakun da tsofaffi ke ɗaure shekarun haihuwa da na aure a jikinsu, har masu ƙidayar jama'a suka riƙa dogara da irin waɗannan sunaye domin gane shekarun wanda ba shi da takardar haihuwa.

A Lugu akwai wata hanya dabam. Sarauniya sarauta ce, ba sunan yanka ba, kuma an ci gaba da naɗa ta bayan Mangu. Dutsen da garin ya shahara da shi, Tunguma, na shari'a ne da neman gaskiya, ba a kafa shi domin wani mamaci ba. Abin da ke riƙe da tarihin wurin shi ne ita kanta sarautar da al'adun da ke kewaye da ita.

Waɗannan hanyoyi suna da ƙarfi, amma suna da rauni iri biyu. Na ɗaya, suna riƙe sarki da barde su saki talaka: makaɗi ba ya yi wa ɗan dako kirari, kuma matan da yaran da aka kashe a Ƙwanni ba su da maroƙi. Na biyu, suna rayuwa ne muddin bakin da ke ɗauke da su yana da wurin magana. A Damagaram, bayan Faransawa sun tuɓe Ahmadu Ɗan Basa a 1906 bisa zargin makirci, gadon sarautar ya zauna babu sarki na gidan har 1923. Makaɗin da ke ci daga fadar da Nasara ya naɗa ya san abin da zai faɗa da ƙarfi da abin da zai rage wa murya.

3. Duwatsun zamanin mulkin mallaka

Al'adar kafa dutse domin sojan da ya mutu ta bunƙasa ne a Faransa bayan yaƙin 1914 zuwa 1918. Kusan kowane gari ya gina nasa, aka jera sunayen ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya. Yaƙin ya ci mutanen Afirka ta Yamma su ma: an ɗauki kusan 200.000, kimanin 30.000 ba su komo ba. Saboda haka aka kawo al'adar wannan nahiya. A Dakar aka kafa siffar soja biyu a 1923, baƙi da fari, waɗanda aka sani da Demba da Dupont. A 1924 aka kafa wani a Bamako da tagwayensa a birnin Reims: tirayar huɗu kewaye da hafsa Bature mai riƙe da tuta. Sojojin Jamus sun tumɓuke na Reims a 1940. Abin lura shi ne, inda dutsen ƙauyen Faransa ke kiran kowane mamaci da sunansa, waɗannan siffofi suna nuna soja ne kawai, wanda ke wakiltar kowa. Demba ba wani mutum ba ne da aka sani da uwa da uba.

Ginin Yamai da aka ambata a farko daga wannan gida ya fito. A gaban irinsa ne ake taruwa ranar 11 ga Nuwamba, kumandan ya ajiye furanni, a busa ƙaho, tsofaffin sojoji su jeru da lambobinsu a ƙirji. Ga su waɗannan tsofaffi, dutsen ba abin banza ba ne, domin shi ne shaidar da ke bainar jama'a cewa Faransa na da bashin jini a kanta. Bashin kuwa an daɗe ba a biya shi daidai ba: dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan abin da yake lokacin samun mulkin kai, ba a daidaita shi sosai da na takwarorinsu Faransawa ba sai 2011, bayan mafi yawansu sun kwanta dama.

A cikin shekarun nan da ake ɗibar samari zuwa Turai, waɗansu ƴan ƙasar suna ɗauke da makami suna fuskantar Faransa a gida. Firhun, shugaban Iwillimmidan, ya tayar da yaƙi a 1916, ya mutu a shekarar. Kawusan, tare da Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin Agadas daga Disamba na 1916 har farkon Maris na 1917. Da aka karya kewayen sai aka huce a kan mutanen gari, aka kashe malamai da dama. Kafin su, a ƙarshen 1905 da farkon 1906, Alfa Saibu, malamin nan makaho, ya tayar da mutanen Kobkitanda cikin ƙasar Doso, ya ƙetara zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kama shi aka kashe a 1906. Kawusan ya mutu a Murzuk cikin ƙasar Libiya a 1919, Tagama ya mutu a kurkuku a 1920. Takardun mulki sun kira su ƴan tawaye da masu tsattsauran addini. Babu wanda zai yi zaton mai mulki ya kafa musu dutse, kuma gawar biyu daga cikinsu ma tana wajen iyakar ƙasar.

Akwai ƙulli a nan wanda bai kamata a ɓoye shi ba. Tirayar ne suka ƙone Ƙwanni, tirayar ne suka kashe Voulet da Chanoine, tirayar ne suka buɗe Agadas a 1917, kuma tirayar ne suka mutu cikin ramukan yaƙi na Faransa a wannan shekara. Rigar ɗaya ce. Duk rubutun da za a yi bisa dutse wanda ya game mamata duka sai ya san yadda zai yi da wannan.

4. Bayan mulkin kai: suna ya hau allo

Bayan 1960 ba a yi gaggawar gina duwatsu ga waɗanda suka yi tsayayya da mulkin mallaka ba. Abin da aka fi yi shi ne tattara tarihi da raɗa suna. Bubu Hama ya ba da ƙarfinsa ga tattara labarun baka da rubuce-rubucen ajami, aka kafa cibiyar nazarin al'adun baka a Yamai a 1968. André Salifou ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971, da na Kawusan a 1973. Makarantun lise suka ɗauki sunayen mazaje: Amadu Kuran Daga a Zindar, Tagama a Agadas, Ɗan Baskore a Maraɗi, Isa Korombe a Yamai, Sarauniya Mangu a Doso. Wannan ya dace da tsohuwar al'ada, domin suna ne aka raya. Sai dai sunan ya hau allo da rubutun Faransanci.

Misalin Sarauniya ya fi kowane koyarwa. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya ambace ta cikin ƴan layuka a littafinsa na 1930, yana kallonta a matsayin tsohuwar matsafiya. Abdullahi Mamani ne, ɗan gwagwarmayar Sawaba, ya ɗauke ta ya mai da ita jaruma cikin littafin ƙagaggen labari da ya fito a 1980. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Daga nan sunanta ya game Afirka. To amma littafin da Faransanci aka rubuta shi, fim ɗin kuma ba da Hausar Arewa ya yi magana ba. Masu binciken da suka zauna da dattawan Lugu sun tarar cewa abin da gari ya riƙe ya bambanta da na littafi: an fi tuna ta a matsayin mai riƙe da asirin ƙasa da tsarinta, wadda ƙarfinta ke ga abin da ta gada, fiye da mayaƙiya mai jan daga da kanta.

Wannan yana da muhimmanci ga mai tattara labarun baka. Siffar da littafi ya ƙera ta koma ƙauye ta hanyar lakwal da rediyo da wasannin samari, ta gauraya da abin da kakanni suka bari. Mai binciken da ya kunna rakoda yau bai tambayi mai ba shi labari inda ya ji ba, yana iya komowa da littafin Mamani cikin bakin tsoho yana zaton ya samo tushe.

Rubutun sunaye ma ya yi tasa ɓarna. Ga kaɗan daga cikin abin da ake gani bisa alluna da taswira, da yadda ƙa'idar Hausa ta nemi a rubuta su:

Sarraounia, watau Sarauniya
Lougou, watau Lugu
Maijirgui, watau Mai Jirgi
Birni N'Konni, watau Birnin Ƙwanni
Tessaoua, watau Tasawa
Dogondoutchi, watau Dogon Dutsi
Kaocen, watau Kawusan

Wanda ya karanta na farko da idon Faransanci zai ɗauka sunan mace guda ne. Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci kuwa, in ya tsaya gaban allon, ba zai gane cewa kalmar da yake faɗa kullum ce aka rubuta ba. An girmama mamacin da haruffan da jikokinsa ba su iya karantawa.

5. Matsalar kalmomi

A koma ga tuntuɓen farko. Kalmar Faransanci monument ba ta da takwara guda a Hausa. Gunki yana ɗauke da ma'anar abin bauta, kuma sa shi cikin littafin karatu ya isa ya sa malamin gari ya hana ɗalibai zuwa. Mutum-mutumi yana tuna wa manomi abin korar tsuntsaye. Hasumiya tana nuna tsawo kawai. Kabari da kushewa da hubbare duk suna bukatar gawa a ciki, alhali yawancin waɗannan gine-gine babu kowa a ƙarƙashinsu. Alama da abin tunawa sun yi faɗi, domin tsarabar tafiya ma abin tunawa ce. In aka bi hanyar ƙirar sunan wuri, irin ta makaranta da mahauta da makabarta, abin da ke fitowa daga aikatau tuna kunne ba ya karɓarsa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta harɗaɗɗen suna, wadda harshen ya saba da ita a dutsen niƙa da allon karatu da dandalin wasa. Bisa wannan ana iya rarrabe abu uku da Faransanci ya game: dutsen tunawa ga abin da aka kafa, allon tunawa ga rubutun da ke jikinsa, dandalin tunawa ga filin da ake taruwa.

Tuntuɓe na biyu ya fi wuya. Shahidi kalma ce mai nauyi, kuma ita ce ke zuwa baki game da sojojin da suka faɗi a Inates ranar 10 ga Disamba na 2019, su 71, waɗanda aka yi wa sutura a wani keɓaɓɓen wuri cikin sansanin sojan sama na Yamai, da 89 na Shinagodar ranar 9 ga Janairu na 2020. Amma asalinta na addini ne, tana da sharuɗɗa a wurin malamai. Maharbin Lugu, wanda ya mutu bisa al'adar Azna, kiransa shahidi sanya masa rigar da bai ɗinka ba ne.

Ɗan tawaye kalma ce ta mai mulki. Tawaye yana nufin akwai biyayyar da aka yi aka warware, alhali Lugu da Ƙwanni da Damagaram ba su taɓa yi wa Faransa mubaya'a ba kafin 1899. Baƙo ne ya zo da bindiga suka tare shi. Fassara kalmar takardun mulki kai tsaye zuwa Hausa shigar da hukuncinsu ne cikin littafin yara. Ɗan kishin ƙasa kuma yana kawo wata matsala: a 1899 babu ƙasa mai suna Nijar, wadda ba ta zama koloni ba sai 1922. Sarauniya Lugu ta kare, Ahmadu kuwa Damagaram. Ana iya cewa ƙasar yau ta gaje su, amma ba daidai ba ne a sa musu niyyar da ba su sani ba.

Mazan jiya ta fi sauran dacewa ta wata fuska, domin tun asali tana nufin jaruman da suka shuɗe, kuma an saba kiran tsofaffin sojoji da ita. Ta ɗauki mai baka da mai bindiga ba tare da ta yi musu shari'a ba. Sai dai ta bar Sarauniya a waje, ta bar mata da yara da ƴan dako waɗanda ba su ja daga da kowa ba aka kashe su. Kalmar da ta game kowa ita ce mamata, kuma ba ta faɗin komi game da yadda aka mutu.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, neman suna guda da zai rufe kowa aikin banza ne. Ƙarfin Hausa a wannan fage yana ga aikatau. Harshen ya bambanta wanda ya faɗi a fagen daga da wanda aka kashe a gidansa, da wanda aka kama aka tafi da shi, da wanda ya rasu a kurkuku, da wanda aka ɗauka soja bai komo ba. Allon da ya ce ga wanda ya zo, ga ranar, ga abin da ya aikata, ga waɗanda abin ya faɗa wa, ya fi allon da ya tara su ƙarƙashin laƙabi ɗaya gaskiya, kuma ya fi sauƙin karatu ga sabon ɗalibi.

Kammalawa

Ƙasar nan ta daɗe tana shirin rubutu da harsunanta: ma'aikatar yaƙi da jahilci tun 1963, taron Bamako kan haruffa a 1966, makarantun gwaji da aka fara a Zindar a 1973, ƙa'idojin rubutu na 1981 da gyaransu na 1999. A 2025 kuma babbar dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Kayan aiki sun samu. Abin da ya rage game da wannan batu ana iya taƙaita shi kamar haka.

Na farko, a bi hanyar 1899 gari gari, daga bakin kogi har Tirmini, a tattara sunayen da zuriyoyi suka riƙe, da kufai da rijiyoyin da ake nunawa. Kowane mai ba da labari a rubuta daga wa ya ji, kuma ko ya taɓa jin labarin a rediyo ko a lakwal. Waɗanda suka ji daga bakin wanda ya gani da ido sun kusa ƙarewa.

Na biyu, duk allon da za a kafa a rubuta shi bisa ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a inda suka dace, kuma a ba mai zanen allo rubutun a hannu, domin a wurinsa ne ƙugiyar harafi ke yawan ɓacewa. A ƙara da ajami saboda dattawa da almajirai. A Agadas a sa Tamajak da haruffan tifinag, a Kobkitanda a sa Zabarmanci, domin kowane mamaci a kira shi da harshen da ya ji a gidansu.

Na uku, rubutun allunan ya shiga littattafan karatun manya. Jimla huɗu ko biyar game da garin mutum, da sunayen da ya sani, sun fi kowane darasi jan hankalinsa, kuma shi ne zai fara gano kuskure in an yi shi.

Na huɗu, kada a rushe tsofaffin duwatsu. Kaburburan Mai Jirgi shaida ne na abin da ya faru da kuma na wanda aka zaɓa a tuna da shi. Abin da suka rasa shi ne allo a gefensu, da Hausa, mai faɗin su wane ne ke nan, daga ina suka taso, waɗanne garuruwa suka ƙone tsakanin Janairu da Yuli na 1899, da kuma cewa sojojinsu ne suka harbe su. A ƙarƙashin wannan a bar fili domin sunayen mutanen garuruwan, a riƙa ƙarawa duk lokacin da bincike ya fito da wani.